Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun da Teburina Ya Zama Bankin Garinmu

Assalamu alaikum masu biye da ni. A makon jiya mun tsaya inda na dawo gida da takardar NCE babu aiki, na kafa teburin cajin waya da sayar da kati a bakin tasha. Yau zan ba ku labarin yadda teburin nan ya koma wurin cirar kuɗi da ajiya. Dole in haɗa da tarihin Moniepoint, kamfanin hada-hadar kuɗi da na yi wa wakilci, domin labarina na waɗannan shekaru ba ya fita sai da nasa.

Garinmu babu banki, har gobe kuwa babu. Mai kuɗi a asusu sai ya hau mota zuwa Funtuwa, ya bi layin ATM, ya dawo da la'asar, yini ya tafi a banza. Malaman firamarenmu idan albashi ya shigo sukan tara katunansu su ba mutum ɗaya, kowa ya rubuta masa lambar sirrinsa a 'yar takarda. Manomi kuwa ina ruwansa da asusu? In ya sayar da masara sai ya sayi tunkiya ya ɗaure, ko ya cusa kuɗin a ƙarƙashin katifa. Mata suna da adashinsu. Fataken da ke zuwa Dandume sayen hatsi da buhun kuɗi suke tafe, a daidai lokacin da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, kowa na tafiya zuciyarsa na dukan uku-uku.

Tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin da suka ba bankuna damar naɗa wakilai a unguwanni da ƙauyuka, amma abin ya daɗe bai iso mu ba. Na'urar POS ta farko da na riƙe ta wani banki ce, kuma ta sha jawo mini baƙin jini. Mutum zai sa kati, a cire masa kuɗi, rasit ya fito ya nuna bai shiga ba. Ni ban ga kuɗi ba, shi kuma ga alat a wayarsa. Sai a yi makonni ana jeka-ka-dawo kafin kuɗinsa su koma, ga shi kullum sai mun haɗu a masallaci.

A 2020 wani matashi ya sauka daga kan babur da wata shuɗiyar na'ura a jaka, ya ce ta Moniepoint ce. Ban taɓa jin sunan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ya ce shi ɗan Funtuwa ne, ya ba ni lambarsa, ya ce duk matsalar da ta taso shi zan kira, ba wani ofis a Legas ba. Da dare na je wurin Kawu neman jari, domin sana'ar nan ba ta yiwuwa sai da kuɗi a hannu. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba.

"Kai yaro," ya ce, "kuɗin mutane wuta ne. In sun ɓace a cikin ƙarfen nan, wa za ka kama?"

Na ce, "Kawu, akwai wanda zan kama, na san unguwarsu."

Ya ce, "To, in dai akwai mutum a bayan abin, je ka gwada." Washegari ya sayar da buhunan waken soya ya ba ni kuɗin, ba rubutu, ba shaida.

Sai daga baya na bi diddigin kamfanin. A 2015 aka kafa shi a Legas da sunan TeamApt. Waɗanda suka kafa shi su ne Tosin Eniolorunda, wanda ya yi aiki a Interswitch, wani kamfanin biyan kuɗi ta na'ura, da abokinsa Felix Ike. Da farko ba su da wata hulɗa da irinmu. Manhajojin kwamfuta suke ƙera wa manyan bankuna, su bankunan su yi amfani da su da sunansu. Suna cikin wannan aiki ne suka ga iyakar inda bankunan ke tsayawa, suka ga ɗimbin jama'ar da ke bayan wannan iyaka. A 2019 suka samu jarin dala miliyan 5.5 daga kamfanin zuba jari na Quantum Capital Partners, kuma a shekarar suka fito da Moniepoint, suka shiga harkar wakilai kai tsaye. Ba su kaɗai ba ne a fagen. Paga tana nan tun 2009, OPay ta shigo a 2018 da ƙarfinta, ga kuma na bankuna. A ganina abu biyu ne ya ɗaga 'yan Moniepoint: na'urarsu ba ta cika yin gardama ba, sannan sun baza mutane irin matashin nan a kowane yanki, masu jin yaren wurin, waɗanda za ka kira su amsa.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai sani ba. Mai cirar kuɗi ya sa katinsa, kuɗin su bar asusunsa su shigo nawa, ni kuma in ƙirga masa takardun kuɗi daga jakata. Mai ajiya ko mai turawa ya ba ni takardu, in tura daga asusuna. A lokacin naira 100 muke karɓa a kan 5,000, kamfani ya ɗauki ɗan kasonsa. Wahalar sana'ar duk tana wajen daidaita ɓangarorin biyu. Ranar kasuwa kafin azahar jakata ta ƙare, asusu ya cika; wata ranar kuma jaka ta cika, asusu ya bushe. Sai na ƙulla da mai gidan mai da wani dillalin hatsi. Da yamma su ba ni cinikinsu, in tura musu a asusu, su huta da ɗaukar kuɗi zuwa Funtuwa, ni in samu abin ba mutane gobe.

Akwai wata gwaggo, makwabciyarmu ta bayan gida, ɗanta yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 a Legas. Ba ta da asusu, ba ta da BVN, ba ta da katin ɗan ƙasa. Takan zo da 'yar wayarta ɗaure a gefen mayafi, ta tsaya nesa kaɗan har maza su ragu.

"Ɗana, wai yaron nan ya ce ya turo."

In duba in ce, "Sun shigo, Gwaggo. Duka za ki karɓa?"

"A'a, ba ni na cefane, ka riƙe mini sauran."

Ta haka na buɗe wani littafi mai bangon kwali, kowace tsohuwa da shafinta. A lissafin kamfani asusu ɗaya ne, nawa. A littafina kuwa gidaje ne masu yawa ke cin abinci ta cikinsa. Binciken da EFInA, wata ƙungiya mai nazarin yadda jama'a ke hulɗa da kafofin kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin kafar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne. Da na ji wannan adadi, fuskokin matan littafin nan na gani.

Sai ga canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka fito da abin da suka ɓoye shekara da shekaru. Na ƙirga kuɗi masu warin rumbu, na ƙirga waɗanda gara ta ci gefensu. Aka kwashe tsofaffi, sababbi kuma ba su zo ba. Ban taɓa ganin ƙunci irin na watan Fabrairun nan ba. Mutum da kuɗinsa a asusu, ya kasa sayen kokon yara. Manomi ya kawo masara kasuwa, mai tiransifa ya taya da daraja, mai takarda a hannu ya taya a wulaƙance, ya sayar wa mai takarda domin shi ba shi da inda za a tura masa. Wasu masu POS har naira dubu suke karɓa a kan dubu biyar, mu kanmu sayen takardun muke yi. Ɗan abin da na samu nakan raba shi dubu bibbiyu, in fara da matan littafi. Kawu ya ce kada in kuskura in ƙara wa tsohuwa ko sisi, ban kuwa ƙara ba.

Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙarar gwamnatin tarayya, ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. Kafin nan garinmu ya riga ya sauya. Manhajojin bankuna da yawa sun yi ta sarƙewa saboda cunkoso, jama'a suka karkata ga waɗannan sababbin kamfanoni. Mai shayin tasha, wanda da yake cewa shi bai yarda da kuɗin da ba ya gani ba, ya zo da kansa ya ce in nuna masa yadda ake buɗe asusu. Mahauci ya bi, mai kanti ya bi. Kamfanin da nake wa wakilci ya riga ya samu lasisin ƙaramin banki a 2022, a Janairun 2023 kuma ya sauya suna daga TeamApt zuwa Moniepoint. A Oktoban 2024 ya tara dala miliyan 110 daga masu zuba jari, har da Google a ciki, darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya.

Na yi murna da wannan labari, domin da na'urarsu na biya Kawu kuɗinsa, da ita na yi aure. Amma ina so masu irin waɗannan kamfanoni su san cewa aikin da saura. Duk da asusun da muka buɗe, littafina bai rufe ba. Matan da ba sa fita, da waɗanda ba su da katin shaida, da waɗanda wayar gidan tana hannun miji, har yanzu ta hannun wani suke taɓa kuɗinsu. Wannan ne ya sa ƙanwata ta ce in samo mata tata na'urar, ta ajiye a cikin gida inda mata za su shigo ba tare da sun ratsa taron maza a tasha ba. Yadda muka shawo kan Baba ya amince, da abin da ya faru a makonta na farko, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.