Sigarin da na ɓoye wa likitan haƙori

Wata tara bayan aikin da aka yi mini a dasashi, likita ya ɗora hoton ƙashi na baya da na yanzu gefe da gefe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, ka koma shan taba ko?" Ban iya musantawa ba.

Tun farko ya bayyana mini cewa ba kowane ƙashin da ciwon dasashi ya cinye ne ake iya mayarwa ba. Idan ya zaizaye a shimfiɗe, da wuya ya dawo. Nawa kuwa rami ne siriri mai zurfi a gefen turmin haƙori na ƙasa, ƙashi ya kewaye shi ta ɓangare uku, kuma irin wannan ne ya fi karɓar magani, domin jini da ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna shigowa daga kowane bango. Tazarar da ke tsakanin haƙori da lafiyayyen dasashi ba ta wuce zurfin milimita 3, tawa ta kai 8. An auna sukarin jinina, an kankare dattin da ya daskare a saiwar haƙorin, aka zuba garin ƙashi, aka rufe da tantani don kada naman dasashi, wanda ya fi ƙashi saurin tsiro, ya riga shi cike gurbin.

Duk sauran sharuɗɗan na kiyaye su. Na kurkure baki da maganin da aka ba ni, ban tauna goro ba, ban kai aswaki wurin ɗinkin ba. Amma a kwana na goma na kunna kara ɗaya, na ce wa kaina ai ɗinkin ya kama. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana matse ƙananan jijiyoyin jini, wato daidai hanyar da sabon ƙashi ke samun abinci. Yana kuma rage zubar jinin dasashi, shi ya sa na riƙa ganin buroshi babu jini ina murna, alhali naman yana janyewa har tantanin ya bayyana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau biyu ya tambaye ni, sau biyu na ce na daina. Da na faɗi gaskiya tun kafin aikin, da ya ɗage shi har sai na bari da gaske, da kuɗina da damar ramin nan ba su tafi a banza ba. Yanzu wata huɗu ke nan ban taɓa sigari ba, kuma ya ce sai ya sake auna wurin kafin mu yi maganar aiki na biyu.