Abin da Na Koya a Ɗakin Gwajin Bakin Mahaifa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen mata, kuma sau da yawa ni ke tsayawa kusa da mace idan za a ɗebi ɗan nama daga bakin mahaifarta a kai ɗakin gwaji. Aikin ba ya daɗewa. Likita zai sa ƙarfen duba mata, ya shafa ruwan binega, sai wurin da ya sauya ya yi fari. A nan zai tsinko abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Yawanci mace takan ji mintsini mai ɗan zafi, sai ciwon mara irin na al'ada.

Babban darasina shi ne shirun mace a gaban likita ba ya nufin ta gane. Za ta yi ta cewa "to, likita", ta gyara mayafi ta fito, sai a bakin ƙofa ta riƙo hannuna: "Sista, don Allah daji ne?" Kunya ce, da ganin girman likita. Shi ya sa nake fara bayani tun tana zaune da tufafinta, kafin ta hau gado, sannan in ce, "Hajiya, maimaita mini abin da kika ji." A irin wannan zaman ne wata za ta ce tana zaton tana da ciki, wata kuma tana shan maganin tsinka jini, abubuwan da dole likita ya sani tun kafin ya fara.

Abin da ke biyo baya ma sai an faɗa ƙarara. Maganin tsayar da jini da ake shafawa yakan sa ruwa baƙi-baƙi ya fito na 'yan kwanaki, wadda ba a gaya mata ba kuwa hankalinta zai tashi. A dakata da saduwa kamar mako guda, kada kuma a yi matsi, kuma nakan so maigida ya ji wannan da kunnensa. Masu tambayar salla ina ce musu jinin rauni ne ba na haila ba, hukuncin kuma su tambayi malami. Amma jinin da ke jiƙe auduga cikin awa ɗaya, zazzaɓi, ko ruwa mai wari, a dawo asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna su ne waɗanda ba sa dawowa karɓar sakamako. Sau da yawa abin da takardar take nunawa shi ne CIN, wato sauyin da wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haddasawa a bakin mahaifa. Ba daji ba ne, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya zama daji, in ma zai zama. Sauyin mataki uku ne: na 1 yakan warke da kansa, na 2 da na 3 ana ƙone wurin ko a cire shi a sallami mace a ranar. Don haka ba na barin kowa ta fita sai ta tambayi likita ranar da sakamako zai fito da wanda za ta nema, ni kuma in rubuta lambar wayarta da ta wata 'yar'uwarta.