Wata uku ina zagin kamfani, ashe matsalar tana cikin falona

Wani dare ne wajen ƙarfe tara, uwargida tana ta fama da wani ɗan bidiyo na atamfofin da take saidawa, so take ta ɗora a status kafin kwastomominta su kwanta, abun nan yana ta juyi yana ta juyi har kusan minti goma bai hau ba. Ta juyo ta kalle ni tace, Maigida wai rage kuɗin datar kayi ne baka faɗa mana ba? Wallahi maganar ta min ciwo, don duk wata sai na biya kuma ba ƙaramin kuɗi bane. Kusan wata uku kenan muna cikin wannan halin, na kira kamfanin da ke bamu intanet ya fi a ƙirga, kullum amsar ɗaya ce, yallaɓai ka kashe ka kunna. In kashe in kunna, ya ɗan yi hankali na rabin awa sannan ya koma ruwa. Har na yanke shawarar wata na ƙarewa zan canza layi in huta.

Abun da ya cece ni shine zuwan ƙanina, shi aikin saka kyamarorin tsaro yake yi a gidaje da shaguna, toh ya san kan waya da rawuta, wato ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida. Na fara masa ƙorafi tun kafin ya zauna, bai ce komai ba sai da na gama sannan yace, Yaya ina rawutar take? Na nuna masa. Tana cikin durowar da talabijin ke kai, can ciki a bayan dikoda, an rufe ƙofar gilas, kuma an lulluɓe ta da wani ɗan ƙyalle mai leshi saboda ƙura da kuma yara masu son danna duk abun da ke kawo haske. Yaro ya dinga dariya har da riƙe ciki. Ya taɓa ta yace kai, ai wannan a soya ƙwai a kai.

Amma bai fara matsar da ita ba, kuma nan ne na koyi abun da ya fi komai amfani a ranar. Yace intanet ɗin gida hanya biyu ce a haɗe, akwai wadda ta taso daga kamfani zuwa rawuta, akwai wadda ta tashi daga rawuta zuwa wayarka, wato waifai ɗin, kuma mutane duka biyun suke haɗawa su kira netwok. In baka raba su ba sai kayi ta maganin ciwon kai alhali ciki ne ke ciwo. Ya ciro kebul daga jakarsa ya jona laftof kai tsaye a bayan rawutar, ya buɗe fast.com, shafin gwada gudun intanet, lamba ta hau wajen 12. Ya cire kebul ɗin ya tafi ɗakin uwargida da waifai, ko 2 bata kai ba. Yace toh ka gani, matsalarka biyu ce, abun da ke shigowa bai kai yadda ya kamata ba, ɗan abun da ya shigo ɗin ma yana zubewa a hanya kafin ya iso ɗaki.

Bari in ɗan tsaya anan saboda ni kaina na daɗe ina ruɗewa. Lambar da fast.com ko Speedtest ke nuna maka Mbps ce, megabit, wadda kuma kake gani in kana sauke fayil MB ce, megabayit, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. In gwaji ya nuna 16, abun da zaka gani wajen saukewa kusan 2 ne a sakan guda. Ba cutarka akayi ba, lissafin ne haka. Na taɓa yiwa wata baiwar Allah a layin kwastoma masifa akan wannan, Allah ya yafe min.

Rawutarmu irin mai sim ce, daga turken sabis take jawo 4G, kenan tana da kunne biyu, ɗaya yana sauraron turke a waje, ɗaya yana magana da wayoyin gida. Ya juya ta ya karanta adireshin da ke jikin sitikar ƙasa, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 ne yawanci, ya shiga ta birawuza, ya nemo wajen da ke nuna ƙarfin sigina. Yace in manta da sandunan nan da ke kawo wuta a jikinta, in kalli wata lamba mai suna RSRP. Lamba ce mai alamar ragi, in tana wajen -80 abu yayi kyau, in ta wuce -100 an fara wahala, -110 kuwa sai addu'a. Tamu -109 take nunawa a cikin durowar. Sai muka ɗauko doguwar wayar wuta ta injin guga, na riƙe rawuta shi yana riƙe da waya yana karanto lamba, muka dinga zagaye gida kamar masu neman rijiya. Tagar falo -104. Tagar kicin ma bata yi ba, ashe tankin ruwa na waje ya tare ta. Ɗan koridon da ke tsakanin ɗakuna akwai wata ƙaramar taga a sama da ke kallon gabas, na taka kujera na ɗaga hannu kamar mai kiran sallah, yace Yaya tsaya anan kar ka motsa, -92. Yara suna ta kallonmu, ƙaramar tana tambayar uwarta ko Baba aljanu yake kora.

Sa'ar da muka ci, koridon nan shine tsakiyar gidan, toh ya gyara ɗayan kunnen ma. Don waifai rediyo ne kawai, kuma ginin da muke yi a nan baya masa da daɗi, bulo mai kauri, rodi a cikin ginshiƙi da dakin, ƙofofin ƙarfe a ko wane ɗaki. Ƙarfe yana mayar da siginar baya, ruwa yana shanye ta, madubi babba ma yana tarewa saboda bayansa ƙarfe ne aka shafa. Daga falo zuwa ɗakin uwargida bango uku ne da firji a tsakani, ga talabijin ɗin da rawutar ke maƙale a bayansa. Ni ne na saka ta a wajen da hannuna, don kawai anan soket yake.

Zafin ma ba ƙaramin abu bane. Lokacin watan Afrilu ne, kowa yasan Kano a wannan lokacin ana haura digiri 40, na'ura kuma in tayi zafi sosai sai ta rage gudu ko ta dinga kashe kanta tana tashi. Shiyasa kashe-ka-kunnar nan ke aiki na ɗan lokaci, tana samun ɗan numfashi ne. Sannan ya duba adafta, ashe wadda tazo da ita ta ƙone tun bara lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi, na siyo wata a wajen wani mai tebur, bakinta ya shiga ta kawo wuta nace shikenan. Jikin rawutar an rubuta 12V 2A, wadda na siyo 12V 1A ce, rabin abincin da take buƙata kenan, in mutum ɗaya ne ke amfani bata damuwa amma da zarar kaya yayi nauyi sai ta sume.

Yanzu ga inda abun ya koma na dariya da kunya. A cikin saitin akwai wajen da ke jero duk na'urorin da ke kan waifai ɗin. Muka ƙirga namu, wayata, ta uwargida, ta ƙanwarta da ke zaune da mu, laftof, talabijin, da wani tsohon tablet na yara, shida kenan. Jerin ya nuna goma sha bakwai. Goma sha bakwai fa! Ni dai nasan mutum ɗaya na taɓa baiwa faswod, ɗan maƙwabcinmu, lokacin da zai duba sakamakon jarrabawa. Ƙanina yace ai Yaya yanzu ba sai an faɗi faswod ba, tun daga Android 10 waya tana iya fito da hoton QR na waifai ɗin da take kai, wani ya haska da tasa ya hau. Sai a lokacin na gane dalilin da yasa dakalin ƙofar gidana ya zama majalisar samari bayan isha'i, ni ina ta murna wai suna mana gadin layi.

Ya dai ja min kunne kar in ɗauki jerin nan in fita ina nuna mutane da yatsa, saboda wayoyin yanzu suna canza lambar shaidarsu da kansu, waya ɗaya tana iya fitowa sau biyu da suna daban. Kawai muka canza faswod zuwa mai tsawo, ba lambar wayata ba kamar da, muka kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ba tare da saka faswod ba, muka tabbatar tsaron yana kan WPA2 mai AES. Wannan na ƙarshen ashe har gudu yake shafa, in aka bar shi a tsohon tsarin WEP ko TKIP waifai baya wuce 54 Mbps ko da rawutar zata iya fin haka. Washegari da safe ina fita sai ga yaron, ya durƙusa ya gaida ni sosai sannan yace, Baba wai netwok ɗinku lafiya kuwa? Na rasa me zan ce masa. Maƙwabci ne, mahaifinsa mutumin kirki ne, ba zan so ace akan data muka ɓata ba. Daga baya ƙanina ya buɗe min layin baƙi daban da nake kunnawa in wani yana da buƙata ta gaske in kashe in ya gama.

Akwai ɓarawo ɗaya kuma na cikin gida. Wayar uwargida Google Photos ɗinta a kunne yake, duk bidiyon atamfa da ta ɗauka, kuma tana ɗaukar ɗaya sau biyar kafin ta zaɓa, da ta hau waifai sai wayar ta fara tura su sama a ɓoye. Hanyar ɗorawa ta fi ta saukewa ƙunci, in ta cika har saukewar ma tsayawa take, don duk abun da kake saukewa sai wayarka ta dinga tura ɗan saƙon cewa ya iso, in wannan ya maƙale a layi komai ya tsaya. Kenan status ɗin da take min faɗa akai da bidiyoyinta yake kokawa. Ban dai faɗa mata haka kai tsaye ba, ina son zaman lafiya.

Sai maganar 2.4 da 5. Rawutar tana fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, ni duk a zatona 5G ɗin nan ne da ake talla tun 2022, har ina alfahari. Ashe babu haɗi, wannan 5 GHz ne, zangon rediyo na waifai. Ya fi gudu kuma babu cunkoso, sai dai baya ratsa bango sosai. Shi 2.4 yana tafiya nesa amma kowa na kansa, rawutocin maƙwabta, hotsifot na wayoyi, Bluetooth, har injin ɗumama abinci. Tashoshinsa suna hawa kan juna kamar gidajen rediyo biyu da suka matsu a waje ɗaya, guda uku ne kawai basa taɓa juna, 1 da 6 da 11. Ya saka wata manhaja mai nuna tashar da kowa yake, muka ga duk layinmu sun taru a 1 da 6, muka koma 11. Talabijin da laftof muka ɗora su akan 5, wayoyin da ke yawo ɗaki-ɗaki muka bar su a 2.4.

Wata rifita, wato na'urar da ke maimaita siginar waifai, da na siyo watanni biyu baya kuwa cewa yayi in cire ta. Na saka ta a ɗakin da babu sigina, toh me zata maimaita? Kuma irin mai arhar nan da baki ɗaya take ji take magana, rabin gudun ne ke tafiya. Tana cikin durowa yanzu.

Da muka sake gwaji a ɗakin uwargida da la'asar lamba ta haura 20. Amma kar in muku ƙarya, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na dare har yanzu yana sauka, don lokacin duk unguwa kowa ya dawo ya hau TikTok kuma turke ɗaya muke rabawa, wannan ko a saman bishiya ka rataye rawuta bazai gyaru ba. Haka in ka cinye wani adadi a tsarin da ake ce masa mara iyaka, da yawansu rage maka gudu suke, yana rubuce a ƙa'idojin da bamu karantawa. Wani lokacin ma abun ya fi ƙarfin kowa, irin ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wani hali. Bambancin kawai yanzu in ya fara ja, kebul nake fara jonawa kafin in ɗaga waya in kira kowa.

Rawutar tana can saman korido akan wani ɗan katako da kafinta ya buga min, wayar wuta ta bi bango ta sauko, uwargida tace ta ɓata mata kwalliyar gida kuma sai na sa an rufe ta da farin roba kafin sallah. Jiya na dawo daga kasuwa na ɗaga kai, sai naga ƙyallen leshin nan ya koma kanta, wai ƙura. Na taka kujera na cire, na ninke na saka a aljihu.