Mako na shida: rezistar da ta ƙone min a hannu

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon na ji ƙaurin da ba zan manta ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Kun san tun makon jiya nake son haɗa fitilar tsakar gida da batirin sola mai bolt 12, don idan an ɗauke wuta yara su samu hasken yin karatu. Na shiga Sabon Gari na sayo ƙwayayen LED farare masu wat ɗaya, irin waɗanda ake mannawa a kan ɗan faifan alminiyom. Kowanne yana cin kusan bolt 3, kuma yana son gudun wuta kamar 0.3 na amfiya. Batir kuwa 12 yake bayarwa. Ke nan akwai rarar bolt 9 da dole wani ya shanye ta, in ba haka ba ƙwan ya mutu nan take. Aikin rezista ke nan.

Lissafin bai ba ni wuya ba. Dokar Ohm, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, ta ce a raba bolt da amfiya a sami om, wato ma'aunin yadda rezista take tare wuta. Na raba 9 da 0.3, na sami 30. Babu mai 30 a cikin 'yar ledata, sai mai 33, wadda zoben launin da ke nuna om ɗinta biyu ruwan lemo ne, na uku baƙi. Na liƙa ta da dalma, na haɗa waya, fitila ta kama fes. Har na fara jin kaina injiniya. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai hayaƙi, zoben suka koma baƙi ƙirin, na kai yatsa kuma na sha ƙuna.

Na koma na sake lissafi har sau uku, om ɗin daidai yake. Abin da na tsallake shi ne wat. Rezista ba ɓatar da waccan rarar take yi ba, mayar da ita zafi take yi, kuma yawan zafin ana samunsa ne idan an ninka bolt ɗin da ke kanta da amfiyar da ke ratsa ta. Da om 33, gudun wutar ya zama 9 a raba da 33, wato kusan 0.27. A ninka da 9, an sami kusan wat 2.5. Ita kuwa 'yar siririyar da na sa, irin wadda ta cika kasuwa, rubu'in wat kawai take iya ɗauka. Na ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi, ninki goma.

Da na koma shagon na ba mai kayan labari, dariya ya yi, ya ce, "Malam, ai wannan aikin mai siminti ne." Ya miƙo min farar nan mai kusurwa huɗu, an rubuta 5W a jikinta. Ta yi aiki, amma tana zafi sosai, kuma da rana ta fi zafi. Na ɗauko mitar auna bolt da amfiya na auna batirin ana cikin caji, sai na ga 14.4 maimakon 12. Ashe sunan batir daban, abin da yake bayarwa daban. Rarar ta zama 11.4, gudun wutar ya haura zuwa kusan 0.35, zafin ya kusa wat 4. Ku riƙa yin lissafi da adadin da batir yake kaiwa lokacin caji, ba wanda aka buga a kwalinsa ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne asara. Ƙwan yana cin wat ɗaya, rezista tana ƙona kusan huɗu a banza. Wanda ya san yadda ake tattalin batir da damina, ranar da hadari ya rufe rana, ba zai yarda da wannan ba. Sai na jera ƙwai uku a layi ɗaya, ƙafar wannan cikin ta wancan, suka cinye bolt 9 tare. Rarar a lokacin caji ta dawo 5.4, na raba da 0.3 na sami om 18. Zafinta kusan wat 1.6 ne kawai, haske ya ninka uku, batir kuma kusan abin da yake bayarwa a da shi yake bayarwa yanzu. Da dare, idan batir ya sauka 12.6, gudun yana komawa 0.2, hasken ya ɗan ragu, amma ya ishi karatu.

Wani kuskure kuma, don kada wani ya maimaita: na manta jan wayar mita a ramin auna amfiya, na ɗora ta kai tsaye a kan batir ina nufin auna bolt. Fiyus ɗin mitar ya tafi. Amfiya sai an yanke layi an sa mita a tsakani ake auna ta.

Mako mai zuwa zan gwada ƙara layi na biyu a gefen wannan, kowane layi da rezistarsa. Wanda ya taɓa haɗa layi biyu a kan faifai ɗaya ya gaya min ko alminiyom ɗin yana iya ɗaukar zafin ƙwai shida.