Daga Cambridge zuwa Chalfont da Landan: bin sawun waƙar Milton

Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar King's Cross ta Landan yakan kai Cambridge cikin kusan minti hamsin. Tashar tana gefen gari, don haka sai na taka da ƙafa fiye da mil guda kafin na shiga tsakiyar kwalejoji. Na fara da nan ne saboda a nan aka adana daftarin farko na Paradise Lost, doguwar waƙar John Milton kan fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna.

A hanya na bi ta ƙofar kwalejin Pembroke, inda mawaƙi Edmund Spenser ya shiga karatu a 1569. Ba a fahimtar Milton sai an san Spenser. Doguwar waƙarsa The Faerie Queene ta fito kashi biyu, babi uku a 1590 da wasu uku a 1596, kowane baiti ɗango tara da amsa-amo mai sarƙaƙiya, kuma jarumanta halaye ne da aka sa wa jiki, kamar Tsarki, Kamewa, da Adalci. Milton yana saurayi ya yi niyyar bin wannan hanya da waƙa kan Sarki Arthur, ya faɗi haka a waƙoƙinsa na Latin wajen 1639, daga baya ya watsar. Ko da yake yana girmama Spenser, a ƙasidarsa Areopagitica ta 1644 ya tuna wani wuri na waƙarsa ba daidai ba: ya ce jagoran jarumi Guyon ya raka shi cikin kogon Mammon, alhali a waƙar Guyon shi kaɗai ya shiga. Masana sun daɗe suna tattauna wannan tuntuɓe.

Kwalejin Milton ita ce Christ's, inda ya zauna daga 1625 zuwa 1632, amma takardun suna kwalejin Trinity, a ɗakin karatu na Wren da ke bakin kogin Cam, wanda aka gama ginawa a 1695. Ana buɗe wa baƙi na ɗan lokaci da tsakar rana, kuma kundin yana cikin akwatin gilashi, buɗe a shafi guda. Mai son karanta shi duka ya fara da hotunan da ɗakin karatun ya sa a intanet, ya rubuta wa ma'aikata tun da wuri idan yana da hujjar taɓa na ainihi.

Kundin na ɗauke da daftarin waƙarsa Lycidas da wasan kwaikwayonsa Comus da hannun Milton, lokacin yana gani. Abin da ya kai ni shi ne shafukan da ya rubuta wajen 1640, inda ya jera batutuwa kusan ɗari daga Baibul da tarihin Birtaniya, yana neman wanda zai yi wasan kwaikwayo a kai. Sau huɗu ya zayyana labarin Adamu. Biyun farko jerin 'yan wasa ne kawai. Na uku ya raba shi kashi biyar, Annabi Musa ne mai buɗewa, kuma a nan sunan Paradise Lost ya fara bayyana. Na huɗu ya kira shi Adam unparadiz'd. A jerin akwai Wahala, Cuta, Tsoro, Jahilci da Mutuwa, waɗanda za su shigo dandali ba su ce uffan ba. Wannan salon Spenser ne tsantsa. A waƙar da ya gama, sun koma wahayin gidan majinyata da mala'ika Mika'ilu ya nuna wa Adamu a babi na 11. Ɗan 'yar'uwar Milton, Edward Phillips, ma ya shaida cewa jawabin Shaiɗan ga rana, wanda yanzu ke babi na 4, an fara tsara shi ne a matsayin mabuɗin wancan wasa.

Richard Bentley, masanin adabin Girka da Latin, ya shugabanci wannan kwaleji ta Trinity daga 1700. Zan dawo kansa, domin labarinsa gargaɗi ne.

Zuwa Chalfont St Giles, ƙauyen da gidan Milton yake, yana da tarko. Tashar da ake kira Chalfont & Latimer a layin Metropolitan ba a ƙauyen take ba, tsakaninsu ya kai mil uku. Na hau jirgin Chiltern daga Marylebone na sauka a Seer Green & Jordans, na bi ƙananan hanyoyin karkarar Buckinghamshire. Hanyar ta fi ma'ana, domin tana wucewa kusa da ɗakin ibadar 'yan ɗariƙar Quaker na Jordans, wanda aka gina a 1688, inda aka binne William Penn, jigon ɗariƙar, da Thomas Ellwood, abokin Milton. Gidan Milton ba ya buɗe duk shekara, da hunturu akan rufe, sai a bincika kafin a kama hanya.

Ellwood ne ya samo wa Milton gidan a 1665, shekarar da annoba ta kashe fiye da mutum 68,000 a Landan bisa lissafin da aka rubuta. Ƙaramin gida ne na katako da jan bulo, rufinsa ƙasa-ƙasa, da lambu a gefe, kuma shi kaɗai ya rage cikin duk gidajen da Milton ya zauna. An mai da shi gidan tarihi a 1887. A ƙasa akwai ɗakin da ake cewa nan ne yake aiki, an jera tsofaffin bugun littattafansa.

Ellwood ya ce bayan an sako shi daga kurkukun Aylesbury ya ziyarci Milton a nan, aka miƙa masa rubutun waƙar ya tafi da shi gida ya karanta, kuma da ya dawo da shi ya tambayi Milton me zai ce game da Aljannar da aka samu, tunda ya yi dogon bayani kan wadda aka rasa. Daga nan, in ji shi, wata waƙar Milton, Paradise Regained, ta samo asali. Ina ɗaukar rabin farko na wannan shaida da muhimmanci, domin ita ke nuna cewa an kammala waƙar a 1665. Rabi na biyu kuwa a riƙe shi da hannu biyu: littafin Ellwood ya fito ne a 1714, kusan shekara hamsin bayan abin, kuma mai ba da labarin shi ne gwarzon labarin.

A wannan ɗaki ne ya kamata mai nazari ya tuna abu mafi nauyi. Milton ya makance gaba ɗaya a 1652. Bai taɓa ganin kammalalliyar waƙarsa a takarda ba. Yakan tsara da dare ko da asuba, ya riƙe a ka, ya yi wa duk wanda ya samu shifta. Phillips ya ce yakan tarar da ɗango goma, ashirin ko talatin a lokaci guda, da hannun mutane daban-daban, ya gyara rubutu da alamomin tsayawa. Wanda ya san yadda Aliyu Namangi na Zariya ya tsara Imfiraji cikin makanta, wasu suka rubuta, zai gane matsalar nan take: kalmomin na mawaƙi ne, amma waƙafi da aya da babban baƙi sun bi ta hannun wani.

Mai karatu Musulmi zai ga labarin ya saba da wanda ya sani. Milton ya bi Littafin Farawa da tauhidin Kirista. A babi na 5, tawayen Shaiɗan ya taso ne daga ƙin yin biyayya ga Ɗa, wato Almasihu a tauhidin Kirista, ba daga ƙin yi wa Adamu sujada ba.

Ainihin aikin yana Landan, a British Library kusa da tashar St Pancras. Ana buƙatar katin mai karatu, wanda ake bayarwa bayan nuna shaidar kai da ta adireshi. Jaka da alƙalami suna zama a akwatin ajiya, fensir da takarda da kwamfuta ne ke shiga cikin leda mai nuna abin da ke ciki. A ɗakin tsofaffin littattafai ana ɗora littafin kan matashin soso, a danne shafi da igiya mai nauyi. Ba a sa safar hannu, domin tana kashe jin yatsa har a yage takarda. Hannu mai tsabta, busasshe, shi ake so.

Yarjejeniyar Milton da mai ɗab'i Samuel Simmons tana wannan ɗakin karatu, ɗauke da ranar 27 ga Afrilu 1667: fam biyar nan take, wani fam biyar idan an sayar da kwafi 1,300. An biya na biyun a Afrilu 1669. Maɗaba'ar Simmons tana titin Aldersgate, wajen da gobarar Satumba 1666 ba ta kai ba, gobarar da ta cinye hajar masu sayar da littattafai a kewayen majami'ar St Paul da gidan da aka haifi Milton a Bread Street.

Bugun 1667 an yi shi ne da fallen takarda da aka ninka sau biyu, ya ba da shafi takwas. Babu lambar shafi. Sai lambar ɗango a gefe, duk bayan goma, da harafin da ke ƙasan shafi mai nuna wa mai ɗinki jerin fallaye. Abin da ke rikita sabon mai bincike shi ne babu "bugun farko" guda ɗaya da za a nuna da yatsa. Fallayen an buga su sau ɗaya, amma an riƙa fitar da su kasuwa kaɗan-kaɗan da sabon shafin take, masu ɗauke da 1667, 1668 ko 1669. Ƙari ga haka, ana gyara kuskure ne injin na aiki, kuma ba a zubar da fallayen da aka riga aka buga, takarda tana da tsada. Mai ɗinki ya ɗebo daga tari yadda ya zo masa. Saboda haka kwafi mai 1669 a goshi zai iya ƙunsar falle marar gyara, mai 1667 ya ƙunshi gyararre. Dole a kwatanta falle da falle, a kuma rubuta lambar ajiyar kwafin da aka duba.

Hotunan intanet suna taimakawa, sai dai yawancinsu daga tsohon fim baƙi da fari aka ɗauko su. Waƙafin da tawada ba ta kama sosai ba yakan ɓace, ɗigon datti ya zama aya, kuma ba a ganin tambarin da ke jikin takarda, wanda a irin wannan ninki yake faɗawa a tsakiyar ɗinki.

A 1668 Simmons ya ƙara shafuka a gaba: taƙaitaccen bayanin kowane babi, jerin kurakurai, da bayanin Milton kan dalilin da ya sa waƙar ba ta da amsa-amo, abin da ya dami masu saye. Ɗangon Milton gaɓa goma ne, ma'ana tana malala daga ɗango zuwa na gaba, kuma ya kira amsa-amo ƙangi. A jerin kurakuran akwai umarnin a mai da we zuwa wee a babi na 2, ɗango na 414. Kan irin wannan ne Helen Darbishire ta gina ra'ayinta, a bugunta na Oxford na 1952, cewa Milton yana bambanta lafazi mai ƙarfi da marar ƙarfi ta hanyar rubutu. Ra'ayin na da daɗin ji, amma idan aka bi waƙar duka ba ya tsayawa, kuma rubutun hannu ɗaya da ya tsira, babi na 1 da ke Morgan Library a New York, hannun magatakarda ne da gyare-gyaren wasu.

Na ajiye bugun 1674 kusa da na farko. Ƙarami ne, yana da lambar shafi amma babu ta ɗango, kuma an sa waƙar yabo ta Andrew Marvell a gaba. Babi goma sun zama goma sha biyu, adadin babin Aeneid, doguwar waƙar Latin ta Virgil. An raba tsohon babi na 7 ya zama 7 da 8, na 8 ya koma 9, na 9 ya koma 10, na 10 ya rabu 11 da 12. An ƙara ɗango 15, jimilla ta tashi daga 10,550 zuwa 10,565. Wanda ya nemi cin 'ya'yan itacen a babi na 9 na bugun 1667 ba zai same shi ba, yana na 8. Milton ya rasu a Nuwamba 1674, an binne shi a majami'ar St Giles Cripplegate, wadda yanzu gine-ginen Barbican suka kewaye.

Bentley ya ɗauki gaskiyar makantar ya wuce gona da iri. A bugunsa na 1732 ya ƙirƙiro wani edita da ya ce ya cuci makahon, ya cusa nasa baitoci, sannan ya ba da shawarar ɗaruruwan gyare-gyare, har da sake ɗangwayen ƙarshe na waƙar. Kusan duk an yi watsi da su. Biyu sun zauna, duk a babi na 7: swelling maimakon smelling a ɗango na 321, da soul maimakon fowl a na 451. Na biyun yana da dalili na zahiri, domin dogon s na wancan zamani da f kusan kamarsu ɗaya a rubutu, kuma an riga an halicci tsuntsaye kwana guda kafin wurin da kalmar ta fito.

Yawancin bugun da ɗalibai ke riƙewa a yau sun bi tsarin 1674, wasu da rubutun zamani, wasu da na asali kamar na Barbara Lewalski na 2007. A wannan shekarar John Shawcross da Michael Lieb suka fitar da matanin 1667 mai babi goma. Duk wanda zai kafa hujja da waƙafi ko babban baƙi, ya fara duba gabatarwar editansa ya ga wane bugu ya bi, da wane kwafi, da abin da ya taɓa.