Ranar da injin yankan ciyawa ya ƙi tashi

Asabar, Jos.

Ruwa uku kacal aka yi, amma filin makarantarmu ya riga ya yi kore shar, ciyawa ta kai ƙauri. Jibi Litinin yara za su dawo hutu, ni kuwa hankalina ba ya kwanciya in ga ƙafar yaro cikin ciyawar da maciji zai iya laɓewa. Shi ya sa ina gama karin kumallo na kira ɗan yayata muka turo injin daga sito. Irin na hawa ne, mai kujera da sitiyari kamar ƙaramar tarakta, kuma rabonsa da aiki tun watan Nuwamba.

Na hau, na taka birki, na murɗa makulli. Sai ƙas, ƙas, shi ke nan. Na ɗaga kujera na duba batir, kawunansa sun yi farin gari kamar an barbaɗa toka. Na wanke su da ruwan zafi, na goge da samfefa, na ɗora mita. Batir mai ƙarfin volt 12 idan ya cika yakan nuna wajen 12.6, nawa ko 12 ɗin bai kai ba. Muka jona shi da batirin mota, motar a kashe. Kik ya juya da ƙarfinsa, amma inji ya ƙi kamawa.

"Kawu, ko fulogi ne?" in ji yaron.

Na kwance fulogin na jingina shi a jikin inji, ya murɗa makulli, wuta ta bayar shuɗiya. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bakinsa a bushe yake ƙayau bayan duk wannan juyi, wato mai ba ya isowa. Ina buɗe tanki na gane. Fetur ɗin ya yi ja kamar ruwan shayi, warinsa ya koma na tsohon fenti. Ni na bar shi a ciki duk tsawon rani, ina ganin asara ce a zubar da mai a wannan tsada. Fetur idan ya wuce wata guda a ajiye yakan fara lalacewa, mai sauƙin ya tashi a iska, ya bar danƙo. Raina ya sosu, don na san wannan tun ba yau ba.

A kan kafireto, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, muka ci rabin yini. Na tsiyaye tanki, na kwance ƙoƙon ƙasa, ga danƙo kwance kamar ƙaro. Ƙaramar ƙofar da mai ke bi ta toshe, ko haske ba ya ratsa ta. Yaron ya miƙo mini allura, na ce masa a'a. Allura tana faɗaɗa ramin, daga nan inji ya riƙa shan mai fiye da ƙima yana baƙin hayaƙi. Na zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar wuta, mai laushi, na yi ta bi a hankali ina hurawa har haske ya bayyana. Matatar iska kuma ta cika da ƙurar hunturu, ga zanzaro ya gina ɗakinsa a gefen akwatinta.

Bayan azahar na shiga Dilimi na sayo sabuwar matata da baƙin mai. Wani bakanike da muke hira ya ce in zai ba ni shawara, in haɗe wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, in huta da mutuwar inji duk lokacin da na sauka. Na yi masa godiya, amma ba zan yi ba. An sa wannan maɓalli ne don wuƙaƙe su tsaya da zarar mutum ya bar kujera. A filin da yara ke guje-guje, in na faɗo ko na sauka ɗauke dutse, gara inji ya mutu sau ɗari.

Da na dawo muka zuba sabon fetur, na ja cok, mai rage iska don inji ya yi saurin kamawa. A murɗa ta biyu ya yi tari, ta uku ya kama. Baba mai gadi ya taso daga bencinsa yana cewa, "Madalla, Malam, ya tashi!" Na bar shi ya ɗumama, sannan na juye tsohon baƙin mai tun da zafinsa, don a lokacin ne yake fitowa da dattinsa. Ƙa'ida a canza shi duk bayan awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara.

Wuƙaƙen ma sun dakushe. Sai da na zare wayar fulogi kafin hannuna ya shiga ƙarƙashi. Na wasa su da magagari, na rataya kowace a kan ƙusa in ga ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, don wuƙar da ta karkata ita ke sa inji rawa.

Rabin fili na yanke, hadari ya haɗo daga gabas, iskar nan mai sanyi ta Jos ta fara kaɗawa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa cushe inji take yi, sai na mayar da shi sito. Na rubuta ranar canjin mai da alli a bango. Sauran rabin sai gobe da hantsi, in raɓa ta bushe, in Allah ya kai mu.