Gishirin Bahar Maliya ya cinye mana aikin shekara

Kamfanin da nake yi wa aikin waya ya samu kwangilar auna ƙarfin iska a gaɓar Bahar Maliya, arewa da birnin Yanbu na Saudiyya, don a ga ko wata rana za a kafa injinan lantarki na iska a cikin teku. Kafa hasumiya da ɗaura ma'aunai duk sun tafi lami lafiya. Inda aka kwana shi ne akwatin tattara bayanai da mahaɗan wayoyinsa.

Tun ana lissafin kaya na roƙi shugaban aikin a sayo irin na jiragen ruwa, masu rufi ruf da notina marasa tsatsa. Ya ce tsada, wai irin na hannunmu sun yi shekaru a hamada ba su yi ko gezau ba. To ai hamada daban. A Dumatul Jandal da ke hamadar arewacin Saudiyya, inda injinan iska 99 ke ba da megawat 400, ƙura da zafi ake yaƙi da su. Nan kuwa gishiri ne, kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Rana ta gasa ƙarfe, dare ya yi raɓa ta sauko da gishirinta ta kwanta a kansa.

Dattijon da ke kai mu da kwale-kwale Bahaushe ne haihuwar Jidda, kakanninsa a ƙafa suka zo hajji. Ya shafa murfin akwatin, ya lashi yatsa, ya ce min, "Ɗana, wannan ba zai ga azumi ba." Bai kuwa gani ba. Da na buɗe, tagulla ta koma kore shar, noti yana marmashewa a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Bayanan watannin zafi sun tafi, watannin da ƙasar ta fi shan wuta saboda na'urorin sanyi. Masu zuba kuɗi kuma sai sun ga awon wata 12 a jere kafin su saurare ka. Aka koma farko. Har yau in na tuna ɗan kuɗin da aka yi wa rowa sai zuciyata ta tafasa.

Abin da ya fi ƙona min rai, iskar tana nan. Daga arewa maso yamma take kaɗawa kusan kullum, wani lokaci sai ka riƙe ƙarfe kafin ka tsaya. Saudiyya na son rabin wutarta ya fito daga rana da iska da makamantansu nan da 2030, kuma ina ganin tekun nan yana da rabo a ciki. Sai dai kana wuce duwatsun murjani na kusa da gaɓa ƙasa ta zurma, tsakiya ya haura mita 2,000, injin da ake kafewa a ƙasan teku kuwa da wuya ya wuce mita 60. Dole sai masu yawo bisa ruwa ɗaure da sarƙa, irin guda biyar na Hywind da aka kunna a Sikotland a 2017. Murjanin ma ba abin fasawa ba ne, abincin masunta a nan yake.

Ku ’yan'uwa masu aikin waya, in aka tura ku bakin teku, kada ku sa hannu a takardar karɓar kaya sai kun ga shaidar gwajin gishiri. Ku cika kowane mahaɗi da giris, ku riƙa wanke ƙarfe da ruwan daɗi, ku nace a saka akwati na biyu da zai riƙa tura bayanai kullum ta waya. In mai gida ya ƙi, ku rubuta masa a rubuce ku ajiye kwafi. Akwatin da muka saka a karo na biyu ya ninka na farko kuɗi, kuma na buɗe shi bayan zafin bana na tarar da tagullarsa tana ƙyalli.